Salansa a Bakin Tagata

Ɗakinmu a Unguwar Mu'azu shi ne na bakin ƙofa, tagarsa tana kallon lungu. A ƙarƙashin tagar nan ƙanin mijina yake ajiye motarsa. Da baya yake shigowa, sai salansa, wato bututun hayaƙin motar, ta tsaya daidai saitin inda nake kwantar da 'yata. Lokacin ba ta yi shekara ba, kuma tun haihuwarta ƙirjinta ba shi da ƙwari. Tari kaɗan sai in ji numfashinta yana fito.

Motar tsohuwa ce baƙa, mai turbo. A kanta na san turbo: wani ƙarfe ne mai siffar dodon koɗi da ke cusa wa injin iska. Ya cire na asali ya sa babba, wai don kada kowa ya wuce shi a titin baifas. Daga nan motar ta fara shaƙewa idan ya taka totur sosai.

Ya kawo bakanike daga Kakuri, Inyamuri ne mai furfura a gemu, Hausarsa tas. Ina wankin kayan yarinya a bakin ƙofa, duk abin da suka faɗa a kunnena.

Bakaniken ya taɓa wani ƙaramin abu a jikin bututun iska. "Oga, ka ga wannan sansa? Ita ke auna iskar da ke shiga, ta gaya wa kwamfutar mota, kwamfuta ta ba da mai daidai. To kamar mudu take. In ya cika ya cika, ko ka yi ta zubawa mudu ɗaya zai ce maka. Sabon turbonka ya fi ƙarfinta. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, fistin da ke cikin injin zai narke."

"Sai yaya ke nan?"

"Ko a sa babbar sansa daga Legas mu zauna mu saita, ko in rage maka iskar."

Ƙanin mijina ya ce shi ba ya jiran Legas, ragewa kuma ba da shi ba. Ya ce a buɗe wa motar mai kawai, ta sha ta ƙoshi ko'ina. Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya jona kwamfutarsa. "In mai ya yi yawa injinka ba zai ƙone ba," in ji shi, "amma za ta yi hayaƙi, za ta yi wari." Ya dubi tagata, ya dube ni.

Haka kuwa aka yi. Kullum da safe sai ya tayar da ita ya yi ta ba ta wuta tana tsaye, wai yana ɗumama injin. Baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur ya cika min ɗaki. Labulena ya yi baƙi. Idan na goge wa yarinya hanci, abin da ke fitowa kamar kunkunniya. In rufe taga zafi ya dafa mu, in buɗe yarinyar ta shaƙa.

Na yi masa magana da lalama. Kun san ƙanin miji abokin wasa ne, komai ka faɗa masa sai ya mayar da shi wasa, kuma ba mai ganin laifinsa.

"Matarmu, turare ne nake yi miki kyauta. A ƙauyenku da kashin shanu kuke yi."

"Ba wasa nake ba. Juya motar kawai, gabanta ya kalli tagar."

"In juya in fita da baya? Ke kin taɓa tuƙa ko baro?"

Abokansa suka kwashe da dariya. Na kai ƙara wurin maigidana, ya ce yaro ne, in yi haƙuri. Surukata ta ce wa ya taɓa jin mace ta yi fushi da wasan ƙanin miji. Ranar da muka dawo daga asibiti, bayan an ɗaura wa 'yata abin shaƙa a fuska tana fizge-fizge, na tarar da shi a lungun yana goge motar. Ya ce, "Yaya 'yar tawa? Hala rakin uwarta ta gado." Tsanarsa na ji har cikin haƙorana. Fistinsa ya tsare da man nan, ƙirjin 'yata ya bayar.

Wata safiya da ya fita, na ɗauko kurfoti da kaskon suya da benci na dasa a ƙarƙashin tagar. Na jiƙa waken suya, na fara awara ta sayarwa. A tsakar gida nake hura gawayin, sai ya kama ja ya daina hayaƙi nake fito da shi. Da yamma ya dawo da baya kamar kullum, ya hango garwashi a madubi, ya taka birki.

"Ɗauke wutar nan. Ba kya jin warin fetur a motar?"

"Ina ji mana, mijina. Wata nawa ina ji. Matso da ita ka ɗumama injin."

Matan da ke jiran awara suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce zai zubar da kaskon. Na ce bismilla, man suyar ya yi zafi, ya zo. Ya je ya gaya wa uwarsa, ta fito ta ga mutane a layi, ta ce wa ya taɓa jin namiji ya yi fushi da wasan matar wansa.

Yanzu a bakin titi yake ajiye motar, gaban mai faci, kuma har yau hayaƙi take yi. Ba ya gaishe ni, ba na gaishe shi, idan na zuba masa abinci sai ya ture. Na wanke labulen bai fita ba, na mayar da shi tsumman kasko. Yarinyar tana barci taga a buɗe, ni kuma har yanzu nakan ajiye matsami in leƙa, in kasa kunne a ƙirjinta.