Rakiyar A-kori-kurar Alhaji Zuwa Argungu

Badariya, Birnin Kebbi, bayan asuba

Alhaji na dawowa daga masallaci muka kama hanya, gari bai gama wayewa ba. Ba son sammako ne ya tashe mu ba, motar ce ta zaɓa mana lokaci. An kwana biyu a-kori-kurar maigidana tana wani hali. Da sanyin safiya sai ta yi tafiyarta lafiya lau, da ta ɗauki zafi sai inji ya yi ta kuka, tayoyi kuwa ba su san ana yi ba.

Shekarun baya Alhaji ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki. Allah Ya tashi kafaɗunsa, baki ya dawo, hannu ya dawo, amma ƙafar hagu ba ta iya taka kuloci. Wannan motar otomatik ce, ita ke sauya wa kanta lamba, ƙafar dama kaɗai take nema. Da ita yake zuwa gonar shinkafarsa a fadamar Argungu, da ita yake zuwa suna da jana'iza, bai roƙi kowa ba. Kanikawa a Birnin Kebbi sun duba sun ce a sauke giyabos ɗin a ɗora na hannu, kowa ya huta. Ɗanmu na biyu, Nasiru, mai aiki a Sakkwato, ya goyi bayansu, har ya samo direba. In aka yi haka, Alhaji da sitiyari sun rabu ke nan. Ya ce ba za a yanke ba sai taubashinsa Garba, bakanike a Argungu, ya gani da idonsa.

Na ɗauki masa da kunu a fulas, na shiga gaba, muka yi addu'ar tafiya. Ya shafa sitiyari ya ce, "To Hajiya, ki taya ni lallashinta."

Ambursa

Mun iso Ambursa rana na ɗan leƙowa, Alhaji na lallaɓa ta a hankali. A shingen 'yan sanda wani ya leƙo ta taga, ya gaishe mu da ladabi, ya ce, "Baba, tun daga nesa nake hango ku. Motar azumi take yi?"

"Asibiti za mu," in ji Alhaji.

Ya dube ni da sauri. "Ayya, Mama ce ba lafiya?"

"Mama ta hi ka lahiya. Wagga da kake jingine da ita, ita ta marar lahiya."

Ya janye hannunsa daga jikin motar yana dariya, ya ɗaga mana hanya.

Alwasa

Kafin Alwasa hantsi ya dubi ludayi, motar kuwa ta fara. Alhaji ya taka totur, inji ya ɗauki ƙara, muna tafiya kamar mai keke. Ya gangara gefen titi ƙarƙashin wani dogonyaro. Nan da nan masu lodin albasa suka taso, wasu na cewa a tura, wani har ya ɗauko igiya zai ɗaure mu a bayan motarsa. Alhaji ya kira Garba a waya. Daga inda nake zaune ina jin muryarsa: "Kar a tura! Kar a ja ta da igiya, ka ƙarasa kashe mani ita! Kashe inji ka zauna, ta huce."

Muka zauna. Wata dattijuwa mai fura ta shimfiɗa mini tabarma, na ba ta masar da na taho da ita, ta dama mana fura, ta ƙi karɓar komai. Ina kallon Alhaji yana zagaya motar yana jan ƙafa, ya taɓa nan ya taɓa can. Da ta huce muka tashi, a hankali a hankali har Argungu.

Argungu, garejin Garba

Garba na ganinmu ya fito yana goge hannu da tsumma. "Tsoho, ka iso? Ni na ɗauka bisa jaki za ka ƙaraso."

"Ga jakin nan gabana riƙe da sifana," in ji Alhaji.

Tun suna yara haka suke. Aka ba ni benci a inuwa. Garba ya buɗe gaban motar, ya zaro wata doguwar sanda siririya da ake auna man giyabos da ita, ya goga a farin ƙyalle, ya shinshina, ya kawo mini.

"Hajiya, man wanga wuri in yana lahiya ja na, garau, awa zoɓo. Wanga hwa?"

Na ce, "Wannan kamar an zuba wa zoɓon madara."

"Ruwa ke nan. Ga ƙauri kuma."

Bai yi saurin yanke hukunci ba. Ya ce man yakan bi ta cikin lagireto ya sha iska, in lagireton ya fashe ta ciki sai ruwa da mai su gauraya. Ya buɗe ya duba, ya gwada, ya ga lagireto ba shi da laifi. Sai ya miƙe ya dubi taubashinsa.

"Ruwan daga waje yash shigo. Ina kag gitta ruwa da ita?"

Alhaji ya hau gyaran hula. Can ya ce mashigin nan ne na kafin gona, wanda ke cika tun damina. Ya ce ai kowa na gittawa, manoman fadama duk sun san ƙa'idar: muddin ruwa bai kai fitilun gaba ba, shiga kawai.

"Motar Sarkin Noma kullum sai ta gitta," in ji shi.

"Tasa ta hannu ta." Garba ya durƙusa ya nuna mana can saman giyabos. Ya ce akwai wani ɗan hanci a wurin da yake numfashi ta cikinsa. An taso tun daga Birnin Kebbi ƙarfe ya yi zafi, aka tsunduma shi cikin ruwan sanyi, dole ya zuƙa. "Tasu ma tana sha, amma cikin tasu ƙarhe na bisa ƙarhe. Taka faya-fayai gare ta masu fata awa takarda, an manne da gam. Ka jiƙa takarda ka gani."

Ranar ba su tashi ba sai da suka sauke giyabos ɗin ƙasa.

A gidan Garba muka sauka. Matarsa Kulu ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, irin wanda in na saya a Birnin Kebbi sai na yi ta ƙorafin tsada. Alhaji mai son kan kifi ya ci loma kaɗan ya wanke hannu. Kulu ta dube ni, na girgiza mata kai.

Washegari

Garba ya share wuri, ya shimfiɗa farin buhu, ya hana kowa wucewa da takalmi. Ya ce ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Ya riƙa zaro kayan ciki yana jerawa a kan yadda suka fito. Da ya zo kan faya-fayan sai ya sa farce, fatar ta saluɓe kamar kwalin da ya kwana a ruwa. Ya buɗe wani faffaɗan ƙarfe mai hanyoyi birjik kamar gidan gara, ya ce ta nan mai ke bi yana sauya lamba, duk ya toshe da ɓarɓashin fatar nan. Abin da ya ɗan sanyaya mana rai, tsatsa ba ta kama haƙoran ƙarfen ba.

"Sabbin faya-fayai, sabbin robobi, sabon matacin mai, a wanke komi," in ji Garba. "Babu su Argungu, sai Sakkwato. Kuma tsoho, ban yi maka alkawali ba. Wanda yash sha ruwa, wani ya tashi, wani bayan wata biyu ya koma."

Sakkwato kuwa Nasiru ne. Na san Alhaji ba zai ɗaga waya ya roƙi ɗansa abin da ɗan ya riga ya ƙi ba. Na koma bayan gareji na kira shi da kaina.

"Inna, ni ba kuɗin nake ji ba," in ji Nasiru. "In ta mace masa tsakiyar fadama, shi kaɗai, da wannan ƙafar? Wa zai gan shi? Ni ba na barci in na ji ya tafi gona."

Gaskiyarsa ce, ni ma ba na yi. Na ce masa, "Kai ba ka gida lokacin da ya tashi daga ciwon nan. Zaure yake wuni, in ya ji an ce wane ya rasu sai ya zauna jiran wanda zai kai shi. Wata rana har aka rufe abokinsa yana zaune da hula a kai. Ranar da ya fara tuƙa motar nan, da ya dawo tuwo biyu ya ci. Ban ce ka fasa tsoro ba. Ka zo ka faɗa masa tsoron naka, ka daina aiko masa da direba."

Sai ya ce, "Ba Kawu Garba, ya faɗa mini lambar kayan."

Ranar haɗawa

Da hantsin kashegari Nasiru ya sauka daga motar haya da kwali a kafaɗa. Ya ajiye, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, bai tashi ba.

"Baba, na kawo. Roƙo ɗaya gare ni. Ruwan nan, a bar shi. A ajiye mota kan tudu inda mutane suke, a shiga jirgi."

Alhaji ya ɗaure fuska. "Ni za a ɗora bisa kwalekwale awa buhun taki?"

"Ji mani Bakabe na tsoron jirgi!" in ji Garba daga ƙarƙashin mota. "Kakanmu cikin jirgi anka yanke mai cibi. Ko kai an musanya ka?"

Dariya ta ƙwace wa Alhaji. Ya ɗora hannu a kan Nasiru ya ce, "Tashi. Na ji."

Garba ya jiƙa sabbin faya-fayan a cikin jan mai, ya ce ba a sa su a bushe. Ya wanke hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ya hure su da iska, ya zuba mai ya zubar, ya sake zubawa, har sai da ya fito garau. Ya ɗaura wa ɗan hancin nan tiyo ya ja shi sama kusa da inji. "Wanga don ruwan sama na," ya ce da Alhaji, "ba izini na ba ka ba." Aikin ya kai su magariba, muka ƙara kwana.

Komawa gida

Garba ya hana mu sammako. Ya ce da sanyi ai ko da can tana tafiya, in ana son gaskiyarta sai rana ta take. Muka yi azahar, Kulu ta cika mana bayan mota da busasshen kifi da albasa. Nasiru ya karɓi makulli a hannun Garba ya nufi ƙofar direba, har ya kama marfin. Sai ya tsaya. Ya juyo ya miƙa wa mahaifinsa da hannu biyu, ya buɗe ƙofar baya ya shiga.

Muka hau titi. Ina jin ta ta ɗauki lamba ta farko, ta saki, ta kama ta biyu, ta uku, ba kuka ba fizga. Ni dai carbi nake ja. Rana na dukan gilashi, kwalta na walƙiya, muka wuce Alwasa, muka wuce Ambursa, ba ta ko yi tari ba. Na saci kallon Alhaji, na ga leɓensa na motsi.

Gab da la'asar muka shigo Badariya. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu. Allah Ya saka wa Garba da Kulu, da mai furar Alwasa da ban ko tambayi sunanta ba. Garba ya ce sai ta yi wata biyu lafiya zai yarda ta warke, muna nan muna addu'a.

Alhaji ya shigar da ita gida da kansa, ya kashe inji, ya ɗan jima bai fito ba, hannuwansa na kan sitiyari. Sannan ya dubi Nasiru ta madubi.

"Gobe akwai ta'aziyya unguwar Gesse. In za ka, ka shirya da wuri in rage maka hanya."