Baffa Bobboi, Mai Mayar wa Rafi Kifinsa

Kafin masu shayin Sabon Layi su hura wuta, Baffa Bobboi ya riga ya isa kududdufansa da ke bakin mayo, kamar yadda muke kiran rafi a nan Mubi. Sai ya tsuguna ya dubi ruwa, ya watsa wa tarwaɗa abinci, ya tsame manya don kada su cinye ƙanana. Haka yake yi tun furfura ba ta fito masa ba. Bana gwiwa ta ƙi, ya ce zai huta.

Da can masunci ne kamar kowa, shi da komarsa. Wani rani da ruwa ya janye, aka wayi gari kifi ya taso birjik, ciki sama, manya da 'ya'ya. An zuba maganin ƙwarin gona a ruwan don a kwashi kifi a sauƙaƙe. Shanun makiyaya suka sha, wasu ba su tashi ba. Kafin azahar an san mai aikin: Munzali ne, babban ɗan Bobboi, kuma ya riga ya gudu Kamaru ta Belel.

Hapsatu mai bandar kifi tana wurin. Ta ce Baffa ya tsaya a bakin ruwa kamar an dasa shi.

"Na ce masa, 'Baffa, ai ba kai ka zuba ba.' Ya ce, 'Hapsatu, wa ya nuna masa inda kifi ke kwana? Ni ne.'"

Ya daɗe ba ya iya haɗa ido da mutane a masallaci. Ya bi rugage ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri. Sannan ya rataye komarsa, ya haƙa rami a tsakiyar gonarsa ta masara, ya tafi Yola ya koyo ƙyanƙyasar kifi. 'Ya'yan kifin da ya fara zubawa a ramin duk suka mutu. Aka riƙa kiransa mai kiwon sauro. Shi dai ya sake zubawa.

Da abin ya kama, damina na sauka sai ya ɗebi 'ya'yan kifi a bokiti ya sake su a mayo, ba wanda ya sa shi. Ranar da Munzali ya dawo ya durƙusa a gabansa, Baffa bai yi masa faɗa ba. Bokiti ya miƙa masa.

"Tashi. Kai su inda ka kashe iyayensu."

Yau Munzali ne ke riƙe da kududdufan. Samari daga Betso suna zuwa koyon sana'ar, mata suna ciyar da gidajensu da banda, motoci suna kai kifin Mubi har hayin iyaka.

To, mu fa? Muna shan farfesun tarwaɗa muna lasar hannu, amma har yanzu in an ambaci sunansa sai ka ji wani ya ce, "Wa? Baban mai guba?" Laifin kwana ɗaya muka riƙe, muka kau da kai daga gyaran shekaru. Da na je masa da maganar wannan rubutu, sunkuyar da kai ya yi.

"Ɗana, me za ka rubuta? Gidana ya yi ɓarna, gyara nake."

Baffa Bobboi, kai ne ka ɗauki kunyar da ba taka ba, ka goya ta har ta ciyar da gari. Ka sauke ta haka nan. Sauran kunyar tamu ce, mu da ba mu taɓa taka ƙofarka mun ce sannu ba. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba gwiwa lafiya.

Matasa, ku bar wa rafi ƙananan kifinsa, ku je ku koyi kiwo. Mu kuma manya, mu je mu gaishe shi tun yana iya amsa sallama.