Farin Abu a Hoton Ƙirjin 'Yata

Ni ba mai riƙe abu ba ne. Wahala iri-iri ta bi ta kaina ta wuce, in ka tambaye ni wata yau sai in yi ta lalube. Amma akwai kwana huɗu, daga wata Litinin zuwa Alhamis, waɗanda har a sa ni a ƙasa ba za su fita daga raina ba. A cikinsu ne na kusa hallaka 'yata da hannuna, ina ganin ceton ta nake yi.

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Arewa Maso Gabas, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, komai sai an jira Maiduguri. Ni mahauci ne a kwatar Jimeta, sana'ar ubana. Boko aji biyu na yi aka cire ni. Yarinyar ita ce haihuwarmu ta uku. Biyun farko maza ne, babu wanda ya kai yaye. To ka san irin idon da muke kallon wannan da shi, ni da uwarta.

Tana wata bakwai ƙyanda ta kama ta, ta sauka mata a ƙirji. Aka kwantar da su asibiti, aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka yi ta allura. Ta rame har kana ƙirga haƙarƙarinta. Allah ya tashi kafaɗarta, aka sallame su, aka ce bayan wata biyu mu dawo a sake hoto a ga ko huhun ya washe. A wata biyun nan ta murmure, ta yi kumatu, ta fara rarrafe. Ranar Litinin ɗin da muka koma, da wasa da dariya muka shiga.

Mai ɗaukar hoton ya fito da sabon, ya haɗa da tsohon, ya ɗaga su wajen taga. Ina kallonsa fara'arsa ta ɗauke. Ya kira wata sista, 'yar wajen Numan ce, ita ta yi jinyar yarinyar tun farko. Suka yi ƙus-ƙus da Turanci yana nuna mata wani wuri da biro.

Na ce, “Lafiya?”

Ta ce, “Baba, kar ka ɗaga hankali. Babban likita ya je Maiduguri, Alhamis zai dawo. Shi ne zai karanta.”

Na ce, “In ba komai, me ya sa ya kira ki?”

Ta ce, “Aikinmu ne haka. Yaron yana shan nono, ko? Yana wasa? To ku je gida. Alhamis da safe.” Hausarta haka take, mace ma yaro take ce mata.

Suka sa hotunan biyu a ambulan suka miƙa mini, wai in zo da su. Da sun san wanda suka ba, da sun riƙe abinsu.

Ko ƙofar asibitin ban kai ba na tsaya gindin wata darbejiya na zaro su na ɗaga wa rana. Ba sai an yi karatu ba. A na farko, tsakiyar ƙirjin siriri ne. A na biyu ga wani farin abu ya zauna daga ƙasan wuya, ya bazu ta gefe ɗaya, ya rufe saman zuciya. Wata biyu kacal.

Ga abin da ya cuce ni. Ni na san cikin ƙirji, ko kuma ina ganin na sani. Kullum da safe sai na buɗe na saniya. Na sha ganin malamin duba nama ya zo ya tsaga huhu, ya tarar da farin ƙari a manne, ya girgiza kai. Ba magana, ba roƙo. A zuba kananzir a binne. Abin da na sani ke nan: fari a ƙirji, an gama. Kuma abin da ya yi wannan girma cikin wata biyu, me zai yi kafin likita ya gama shan shayinsa a Maiduguri?

Ranar ban koma kwata ba. Na wuce Alkalawa wurin Goggo, ƙanwar ubana, ita ce babbarmu da ta rage. Ta ɗaga hoton, ta juya shi, ta sake juyawa.

Ta ce, “Ruwa ne ya taru. Ƙyandar ce ba ta gama fita ba, ta dunƙule a ciki. Wannan ba na asibiti ba ne, ɗana. Sakiya za a yi.”

Wanda bai sani ba, sakiya ita ce a sa kibiya a wuta sai ta yi ja, a huda kumburi da ita, mugunya ta fito. Akwai wani tsohon wanzami a Vinikilang, ƙetaren kogi, shi ya yi wa ubana a cinya ina yaro, na gani da idona, kuma ya warke. Saboda haka maganar ta zauna mini daram.

Uwar yarinyar ce ta ƙi. Mace ce marar hayaniya, tun da na aure ta ba ta taɓa musa mini ba. Ranar Talata da na gaya mata, tana tankaɗe, ta ajiye rariyar.

Ta ce, “Maigida, dube ta fa. Ba zazzaɓi, ba tari. Jibi ne Alhamis.”

Na ce, “Jibi ai ba yau ba ne.”

Ta ce, “Don Allah ka yi haƙuri mu jira.”

Na ce, “Su biyun farko ma jira muka yi.”

Ban taɓa gaya mata magana mai zafin wannan ba. Ta sunkuyar da kai, ta ɗauki rariyar ta ci gaba da tankaɗe. Ni kuma a lokacin gani nake na yi maganar maza.

Laraba da hantsi muka shiga kwalekwale, ni da ita da Goggo, ambulan a hammatata. Damina ta ja baya amma kogin a cike yake. Yarinyar tana bayan uwarta tana miƙa hannu wai za ta kama ruwa. Na kawar da kai. Ban son ganin tana dariya, don duk dariyar da ta yi sai in ji kamar ban kwana ce.

Wanzamin ya karɓe mu a zaurensa. Ya sa aka kwance yarinyar, ya kwantar da ita kan tabarma, ya bi ƙirjinta da yatsu, sama da ƙasa, ya danna nan ya danna can. Ita kuwa ta cafke gemunsa.

Ya ce, “Ban ji kumburi ba.”

Goggo ta ce, “A ciki yake, Bappa. Injin Bature ya nuna.”

Na ba shi hoton. Ya fita ƙofa ya duba ya daɗe. Da ya dawo sai ya shimfiɗa hoton a kan ƙirjin yarinyar, ya daidaita haƙarƙari da haƙarƙari yadda tela yake ɗora awo kan yadi, ya ɗaga gefe, ya ɗiga baƙin gawayi a inda farin abin ya faɗo. Ɗan ƙasa da maƙogwaro, kusa da tsakiya.

Ya ce, “Ni abin da hannuna ya ji nake hudawa. Ban taɓa huda hoto ba. Amma kai ne uba. In ka ce a yi, a yi.”

Na ce, “A yi.”

Ya zaro kibiya daga zabira ya tura cikin garwashi. Uwar ta juya ta fuskanci bango. Ya ce in riƙe yarinyar da kyau, kar ta motsa. Riƙo kuwa aikina ne. Na haɗe hannuwanta da hannu ɗaya, na danne cinyoyinta da ɗayan, yadda nake yi wa ɗan akuya.

Sai ta harba. Ta sake harbawa, ta banƙare, ta tsala ihun da ya cika zauren. Ƙarfin da na ji a ƙafar nan ya ba ni mamaki. Cinya cike da hannu, fata sumul, ido garau. Shekara nawa ina shiga kara ina taɓa dabba kafin in saya? Saniyar da ake samun ƙari a huhunta tun tana tsaye ake ganewa: ƙugu a waje, gashi a tashe, tari ƙasa-ƙasa. Ba ta taɓa yin ƙiba. Idona ya yarda da hoto, hannuna ya ƙi. Kibiyar ta yi ja, tsohon ya ɗauko ta, har ina jin ɗuminta a bayan hannuna.

Na ce, “Tsaya.”

Ban rufe baki ba uwar ta fizge ta, ta fita da ita a kafaɗa, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Goggo ta bi ni da faɗa har bakin kogi, wai na zama mijin-ta-ce, wai in abin ya fashe a ciki kar in zo mata da kuka. Kar ka ɗauka na samu natsuwa. A kwalekwalen dawowa tunanina ɗaya ne: wataƙila tsoro ne ya kama ni na hana a cece ta. Abinci bai shiga bakina ba har gari ya waye.

Alhamis tun kafin a buɗe ƙofa muna layi. Sista na kwance wa yarinyar riga ta ga ɗigon gawayin, bai gama fita ba. Ta dube ni.

Ta ce, “Baba, ka kai yaron nan ina?”

Na gaya mata gaskiya. Ta dafe kai ta ce, “Yesu! Ka san me yana bayan wurin nan? Zuciya ne da manyan jijiya!”

Likitan Ba'indiye ne, gajere mai furfura, ba ya jin Hausa, sista ke fassara. Ya duba hotunan, ya saurari ƙirjin gaba da baya, ya latsa wuya da hammata da ciki, ya sa aka ɗebi jini, aka sake wani hoton ta gefe. Sai wajen azahar ya kira mu. Tsawon wannan jiran ban iya zama ba. Da muka shiga, abin da ya fara tambaya shi ne sana'ata. Na faɗa. Sai ya yi murmushi.

Sista ta ce, “Wai in ka yanka maraƙi ko ɗan rago, ba ka ganin wani farin nama mai laushi daga gindin wuya zuwa cikin ƙirji?”

Na ce ina gani mana. Ko sayar da shi ba ma yi, gasawa muke mu ci a kwata.

“A tsohon bijimin sa fa?”

Na yi tunani. Na ce babu. Sai ɗan kitse a wurin.

“To shi ne wannan.”

Naman da na ci ya fi sau ɗari, ban taɓa tambayar aikinsa ba. Likitan ya ce sunansa taimus, kowane jariri da shi ake haifarsa, kuma su kansu likitoci ba su daɗe da gano amfaninsa ba. Sista ta kwatanta mini da bariki. Ta ce akwai sojoji a cikin jini masu yaƙi da cuta, a wannan wurin ake horar da kurtunsu, a koya musu su san na gida su san baƙo, sannan a sake su cikin jiki. Yaro sabon zuwa duniya ne, yana bukatar sojoji da yawa, shi ya sa nasa babba ne. In ciwo ya yi tsanani ko yunwa, sai naman ya tsuke, shi ya sa ba a gan shi a hoton farko ba. In lafiya ta dawo sai ya sake cika, wani lokaci har ya ɗara yadda yake da, don a mai da abin da aka rasa. In mutum ya balaga kuma sai ya riƙa ja da baya da kansa.

Na ce, “Wa ke gaya masa ya ƙaru ko ya ragu?”

Likitan ya buɗe hannuwa. Wai jiki yana da ma'auninsa, amma yadda yake aunawa har yanzu ana bincike. Ya ce a da ma likitocin Turai sun yi irin kuskurena, sun ɗauka ciwo ne, suna ƙona shi da hasken inji, daga baya yaran suka cutu.

Na ce, “Ke nan girman da ya yi…”

Sista ta ce, “Sauƙi ne, Baba. Alaman yaro ya warke ne.”

Sai kawai na zauna a ƙasa a ofishin mutane. Likitan ya zagayo ya ƙwanƙwasa mini ƙirji da yatsa ya faɗi wani abu, sista ta kwashe da dariya. Wai nawa ya daɗe da zama kitse, irin na tsohon sa. Ni dai ban iya dariyar ba. Ya ce mu dawo bayan wata ɗaya ya sake dubawa. Muka dawo, lafiya lau.

A hanyar gida ran nan uwar tana gaba ina baya. Sai da muka kusa ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, “Da ƙarfen nan ya taɓa ta, da ba ka sake ganina ba.” Na ce na sani. Na ba ta haƙuri kan maganar da na yi mata ta yaranmu biyu. Ta ɗauki lokaci kafin ta huce, kuma ban ga laifinta ba.

Yarinyar yanzu tana ɗakinta da 'ya'yanta. Ni kuwa gwiwa ta fara ba ni matsala, ƙarfin kayar da sa ya wuce. Abin da na koya ba shi da yawa, amma da tsada na saye shi. Wanda bai san komai ba yakan tsaya ya tambaya. Ni na san kaɗan, tsoro ya cika mini sauran, na ɗauka duka ilimi ne. Tun daga ranar, in na ji zuciyata tana ce mini yi maza kafin lokaci ya ƙure, a nan nake zama in nemi wanda ya fi ni sani, ko da kuwa sai jibi zai dawo.