Mama Ba Ta Ga Bayana A Miƙe Ba

Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Masu ta cigiyata, ku yafe ni. Sai yau na iya.

Tela ce ta fara lura. Tana gwada ni ta ce, "Ladi, tsaya daidai mana." Alhali a tsaye nake.

Sai ciwon baya ya biyo. Daga baya ko gadar Mararaba na hau, numfashina sai ya yanke.

A asibiti aka yi mini hoto. Likita ya ce ƙashin bayana ya lanƙwashe har yana matse huhu. Ya sa na sunkuya, ya ɗora wayarsa a gadon bayana, ya ja ta a hankali, lambar da ke nuna yawan lanƙwasar ta fito. Ya ce ba a son yawan hoto, ga tsada, mu riƙa aunawa haka a gida muna tura masa.

Mama ce ta karɓi aikin. Tukwane take ginawa a Ushafa. Duk Asabar in na je, sai ta wanke yumɓun hannunta ta ɗauki wayar. Ba na ganin fuskarta, amma in lambar ta ƙaru, sai na ji ta sake aunawa.

Wata rana ta tambayi likita, "Oga, tun tana ƙarama ina ɗora mata yumɓu a kafaɗa. Ni na karya ta?"

Ya ce, "Mama, ba kaya ke kawo wannan ba."

Ba ta yarda ba.

Rigar robar da aka ba ni don ta tallafe bayan ta cinye mini fata, lambar kuma ba ta daina hawa ba. Aka ce sai tiyata. Mama ta sayar da gonarta, ba ta shawarci kowa ba.

Ana dab da aikin, hawan jini ya kayar da ita. Ba ta tashi ba.

Na shiga ɗakin tiyata ina kuka, ba don tsoron wuƙa ba.

Yanzu akwai ƙarafa a bayana. Na sake koyon tafiya kamar jaririya. Numfashi ya dawo, alhamdu lillahi.

Na gode wa likitoci, da nas ɗin da ta riƙa juya ni a gado, da ku da kuka taimaka.

Iyaye, ku sa yaranku su sunkuya ku duba bayansu. In gefe ɗaya ya fi tudu, ku tafi asibiti. Waya tana aunawa ne kawai, ba ta magani.

In kun yi addu'a, ku sa da Mama. Sunanta Jummai.