Kirarin Abeke a Kan Gawar Wata

Abeke maƙwabciyata ce a Oshogbo, tana rinin zannuwan adire a bayan gidanmu. Kafin shuni ya ci hannuwanta, 'yar wasan kwaikwayo ce a ƙungiyar Oladokun, irin waɗanda ke yawo gari-gari a babbar mota. Iyaye ba sa barin 'ya'yansu mata su daɗe a wannan sana'a, don haka shugaban ƙungiya yakan auri wadda ba ya so ta tafi. Haka Oladokun ya auri Abeke, kuma tun daga ranar take tambayar kanta ko ita yake so ko muryarta.

Wasan da ya fito da su labarin wani jarumi ne da ya dawo daga yaƙi ya tarar matarsa ta rasu. Ba a rubuta musu magana, kowa yana faɗin abin da ya zo bakinsa. Idan an lulluɓe Abeke da farin zane a matsayin gawar matar, sai Oladokun ya durƙusa ya rera kirarin gidan su Abeke na ainihi, wanda kakarta ke yi mata tana ƙarama. Yana rerawa yana zubar da hawaye, sannan ya soka wa kansa wuƙa.

"A ƙarƙashin zanen nan kaɗai nake jin yana sona, Anti Tica," in ji ta. "A gida kuwa, daga 'ina amala?' sai minshari."

Da ciwon maƙogwaro ya dusar mata da murya, ya sauke ta a Oshogbo, ya ɗauki wata 'yar Ijebu ta maye gurbinta. Bai saki Abeke ba, bai kuma ƙara leƙo ta ba.

Bayan shekaru, ƙungiyar ta zo garinmu. Abeke ta ce in raka ta. "Ba kallo zan je ba. So nake in ji kirarin wa zai yi."

Aka lulluɓe 'yar Ijebu, Oladokun ya durƙusa, ya rera kirarin Abeke daga farko har ƙarshe, bai tsallake sunan kaka ko ɗaya ba.

Na ce mata, "Kin ji ko? Bai manta da ke ba."

"Ko dai ragon ya kasa haddace na yarinyar. Kin san kansa kamar ƙwarya yake."

Duk da haka ta bi shi gindin mota, inda yake goge alli daga fuskarsa.

"Abeke, ke ce kika tsufa haka?"

"Kai ma sai da aka ɗaga ka daga durƙuson. Baba Dokun, me ya sa nawa kake yi har yanzu?"

Ya ajiye tsumman da yake goge fuska da shi. "Na gwada wasu. Idona a bushe, mutane suna hira. Naki kaɗai ke kawo hawayen."

Ta jira ya ƙara wani abu, amma aka kira shi ɗaure kaya.

Ta yi ta juya amsar nan a bakin tukunyar rini har ƙarshen rayuwarta. Wata rana ta ce so ne, wata rana ta ce sana'a ce. Da ta rasu mun aika masa, bai zo ba, kuma a cikin waɗanda suka binne ta babu wanda ya san kirarin. An ce a ranar ya yi wasan a Ilesha, ya kuma yi kuka sosai.