Tukunya a Kan Toka Mai Sanyi

Kakata, uwar babana, ba ta yin tatsuniya sai an sauke tuwo. A ƙauyenmu, can gefen Kornaka, in an ci an wanke hannu sai mu kewaye murhu, ita kuma ta zauna da guntun kara tana tura toka a kan garwashi don ya kai safe. Ashana ba ta zama a gidanmu a lokacin. Wadda wutarta ta mutu sai ta ɗauki fasasshen kasko ta shiga maƙwabta ta ɗebo.

"Ku matso, 'yan nema, kunnuwa nika so, ba ƙafafu ba," haka take farawa, tana ture ƙafafunmu daga toka.

Akwai wata tatsuniyarta da ba mu so, don babu Gizo babu kura a ciki. Wai wata mata ce da duk unguwa ke ɗibar wuta a gidanta. Ran nan barci ya sace ta ba ta rufe garwashi ba, ta wayi gari murhu ya yi sanyi. Kunya ta hana ta fita da kasko. Sai ta ɗora tukunya a kan toka, ta yi ta buga muciya. In an leƙo ta darni an ce, "An ɗora?" ta ce, "Tun ɗazu!" 'Ya'yanta kuwa gumba suke ci su kwanta. Ana haka sai wata amarya, wadda tata wutar ta mutu, ta shigo da kaskonta, ta sa hannu a toka.

"Sai mi, Kaka?"

"Sai ta ce, 'Yaya, tun yaushe?'"

"Kura ta cinye ta?"

"Wace kura? Gida biyu sunka kwana da yunwa. Ku tashi, kun ishe ni."

Yanzu ina aure a Dakoro, da goyo. Mu Kirista ba mu da yawa a nan, kowa ya san kowa. A farkon shekara matan zumunta suka shirya mu karanta Littafi Mai Tsarki tare, daga farko har ƙarshe. Kowace ta karanta rabon ranar a gidanta, ta tura "Amin" a gurup na waya, ran Alhamis mu haɗu mu faɗi abin da ya taɓa mu. Ni ban yi nisa a karatun lakwal ba, da yatsa nake bin layi, amma Farawa da Fitowa na bi su da daɗi. Ni ce ma ta fari wajen tura Amin, tun kafin in dama kunu.

Da muka shiga Littafin Firistoci, ɗana Dauda ya fara haƙori, ga zawo ga kuka. Rana ta wuce ni, na ce gobe zan haɗa. Goben ta yi ta yawa har na daina duba inda aka kai. Amin dai ban fasa ba. Ran Alhamis in gyaɗa kai, in juya maganar matar fasto in maimaita.

Jiya bayan taro Hannatu, amaryar da aka kawo daga Ajekoriya, ta riƙe mini gefen zane.

"Maman Dauda, ni fa na kusa bari. Amin ɗinki nika gani da safe in ce, mai goyo ma ta karanta, bare ni. In zo gobe da la'asar mu riƙa yi tare?"

Na ce, "Ki zo mana." Bakina ne ya faɗa.

Da ina yarinya na ɗauka laifin matar nan barci ne. To ai barci kowa na yi. Sai yanzu na lura, ƙarar muciyar ce ta kira amaryar, ta sa ta wuce gidajen da ke da wuta.

Yau da safe ban tura Amin ba. La'asar ta kusa. Na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarma, na sauko da littafin na goge shi da bakin zane. Tsinken tsintsiyar da nake sa alama da shi yana nan inda na tsaya. Sau nawa hannuna ya kai don in matsar da shi gaba, na fasa. Kaka ba ta taɓa gaya mana abin da matar ta amsa wa amaryar ba. Ga sallamar Hannatu nan a ƙofar gida.