Riƙon Garin Asma'u

Ina tsakar gida a Shagari ina karɓar haddar matan da nake koyarwa, da hantsi, mijin ƙanwata ya kira. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Asma'u ta cika." Na yi salati na rufe Alƙur'ani. Allah ne shaida, har a cikin kukan akwai wani abu da ba baƙin ciki ba ne, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu biyu muka tashi a zauren mahaifinmu, Malam, a Bodinga. Ni na riga ta sauka, ni ce mai kyawun rubutu. Ita ce ta ci gaba da boko har ta zama Dakta a kimiyyar sinadarai, ni aka yi mini aure aka kawo ni Shagari. Tun daga nan mata ba su bar mu ba. A biki, a suna, sai wata ta ce, "Ke ko Yaya, da ke aka bari, da kin hi ta." Ina ce musu astagfirullah, amma ina kwasar maganar in tafi da ita gida.

Ita ba ta taɓa ɗaga mini kai ba. In ta zo, tabarma take zama, ta ce in gyara mata Suratul Kahfi. Ba ta shiga ɗakina da takalmi. Wannan ladabin ma haushi yake ba ni, don ya hana ni abin kamawa.

Wata rana na tambaye ta da gatse, "Wai shekara da shekaru mi kike dahwawa a ɗakin binciken ga?" Ta yi dariya, ta fito da 'yar kwalba mai gari ruwan hoda. Ta sa ta a tukunyar ruwa tare da ma'aunin zafi, muka hura wuta. Da zafi ya kai wani layi, garin ya koma fari fat. Ta sauke tukunyar. Ruwa ya huce, ma'aunin ya sauko ya wuce layin nan, gari yana nan fari. Sai da ya yi ƙasa sosai kalarsa ta dawo.

"Kin gani, Yaya? Inda ya hau ba nan yake sauka ba. Turawa na da nasu sunan, ni riƙo nike ce mashi."

Ta ce akwai ƙarfe a cikin kowace ƙwayar garin, zafi ke sa shi ya sauya hali ya ɗan kumbura, ya turo na kusa da shi. Aikinta shi ne gano abin da ke tsawaita riƙon. "In na raba ƙwayoyin ƙanana, kowace ita kaɗai, riƙon raguwa yake yi, wani lokaci ya ɓace. In na cusa su cikin abu mai tauri da ke matse su, sai ya canza, ya kan dawo. Abin ga ba halin gari kaɗai ba ne, har da maƙwabta." Ta faɗa tana kallon kwalbar. Har yau ban sani ba ko da ni take.

Ga amanar da na ci. A ciwon Malam na ƙarshe, tana ƙasar waje, na ba shi labarin garin don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce, "Ki gaya ma Asma'u, ita ma ayoyi take karantawa, ba a kan allo ba. Na yarda da ita." Ni da na yi jinyarsa, ni da na haddace littafin da ya koyar, ban ji irin wannan daga bakinsa ba. Na riƙe saƙon shekara tara. Na kuwa san tana zargin kanta cewa ta bar hanyarsa.

Sallar da ta wuce ta kama hannuna ta ce, "Yaya, mu yahi juna." Na ce, "Ai ba ki yi mani komi ba." Gaskiya na faɗa, kuma da gaskiyar nan na ɓuya.

A zaman makoki gida ya cika da ɗalibanta, na ji abin nan ya sake motsawa a zuciyata. Wata tsohuwa ta fara, "Ke ko Yaya…" Na ce, "Inna, don Allah a bar shi nan." Ban taɓa tsayar da kowa ba sai ranar.

Maryam, Usman, Nana, 'ya'yan ƙanwata: kakanku ya yarda da mahaifiyarku. Ita ya kamata ta ji, na hana ta. Ku riƙe, ku yafe mini in kun iya.

Ya Allah, Ka jiƙan Asma'u, Ka yalwata kabarinta, Ka sanya binciken da ta bari cikin ilimi mai amfani. Ka ba mijinta da 'ya'yanta juriya. Ka haɗa ta da Malam ya faɗa mata da bakinsa. Ni kuma Ka sanyaya zuciyata kafin in iske su. Amin.